Shekarar da Kawu Ya Ba Shebur Rabin Shago

Matso kusa, ɗan'uwa, jawo tabarmar nan ka zauna. Akwai wata magana da take ta kai da kawowa a ƙirjina tun makon jiya, in ban sauke ta ba ba za ta bar ni in ci tuwo da daɗi ba. Makon jiyan ne babban ɗana ya turo birkila ya toshe ƙofar tsohon shagonmu na jikin zaure, aka shafe ta da siminti, za a mai da wurin ɗakin baƙi. Ba faɗuwa aka yi ba, alhamdu lillahi. Ciniki ne ya yi wa wurin yawa, ya koma babban shago can wajen Kambarawa. Na sa mashi albarka, na yi addu'a, har kunu na dama wa masu aikin. Amma da na ji ana jera bulo ɗaya bisa ɗaya, hasken da ya saba shigo mana tsakar gida ta nan yana raguwa, sai na koma ɗaki na zauna bakin gado, ƙuruciyata ta zo ta zauna kusa da ni.

Gidan nan na Kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma shi ne surukina, don ɗanshi na aura. Ka ga ke nan ni da maigidan taubasai ne. Tun muna yara muke tsokanar juna, kowa na cewa ɗan'uwanshi ne bawa, aure ma bai raba mu da wannan ba. Daga Ƙofar Durbi aka kawo ni Ƙofar Sauri, kuma in ka cire biki da suna da gaisuwar mutuwa, wannan ita ce babbar tafiyar da na yi a duniya. Ni 'yar gida ce. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta daga baya ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tsakar gida ina tankaɗe zan gaya maka wanda ya wuce ta lungu daga jan takalminshi, in gaya maka turmin wane gida ke daka, in kuma gaya maka ko mai dakan fushi take yi.

Kawu ne ya yanki shagon daga jikin zaure tun yana da ƙarfinshi, da yanar ido ta rufe mashi gani sai ya miƙa wa maigidan, shi kuma ya koma kan buzu a zaure da carbinshi. Ɗan shago ne, ka miƙa hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango, da wata 'yar ƙofa ta baya da ke ɓullowa tsakar gida, an rataya mata asabari. Ta nan nake miƙa abin da na ƙulla. Aikina ke nan kullum bayan na gama shara da wanke-wanke: in yanka takarda in naɗe gishiri da sukari, in ɗauraye kwalaben kananzir in kife su a rana, in tsinke sabulun sanda da zare gunduwa-gunduwa. Har yau in na rufe ido ina jin warin wurin, kananzir da sabulu da goro da ɗan ƙamshin alawa duk sun gauraye. Ina jin ƙarar ƙyauren langa-langa in an ja shi bayan asuba, da kukan mazurari a bakin kwalba, da muryar Kawu yana amsa gaisuwa, gaisuwar da sai an tambayi gida da iyali da gajiya da masu jiki kafin a ce a ba ni ashana. Yanzu yaro zai tsaya bakin shago ido na kan waya, ya nuna abu da haɓa, a miƙo mashi, ya juya. Ban ce sun yi laifi ba, zamaninsu ne. Amma mu a lokacinmu gaisuwa ma tana cikin abin da ake saye.

Ana nan sai aka ce soja za su koma bariki, mulki zai dawo hannun farar hula. Gari ya ɗauki zafi. Motoci masu lasifika suna wucewa suna waƙe-waƙe, tuta nan tuta can, samari suna gardama a bakin masallaci har sai liman ya yi gyaran murya. Kuɗi kuma suka motsa. Duk inda ka juya gini ake, wannan na tada bene, wancan na rushe katangar ƙasa yana sa bulo. A cikin wannan hayaniya ne wani Alhaji, mutumin kirki ne ba ni da abin faɗa a kanshi, ya buɗe kanti daidai tsallaken hanya, yana kallon namu. Kanti na gaske, da gilashi, da fanka, da firji mai gurnani kamar mage. Ranar buɗewa na leƙa ta ramin asabari na ga mutane suna kallon kansu a gilashin suna gyara hula. Kafin wata biyu masu sayenmu sun tsallaka. Ba su daina gaida Kawu ba, a'a, su tsaya su gaisa da kyau, su tambayi ido, sannan su tsallaka.

Maigidan jininshi na tafasa lokacin, sai ya ce ai abin da Alhaji ya yi shi ma zai yi. Ya kwaso madarar gwangwani da biskit da kifin gwangwani ya jera. Har lemon kwalba ya sayo, da yake ba firji sai ya ɗauke mani randata ya zuba su ciki. Na ce, "Bawan gidanmu, firjin naka ba ya gurnani, ko in zauna bayanshi in riƙa yi mashi?" Ya ce, "Ke dai baiwa ba ta san harkar birni ba, je ki hura wuta." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Mai son lemo mai sanyi ya san inda sanyi yake. Gwangwanayen nan suka zauna suna tara ƙura, ni ce mai goge su duk safiya.

Wata rana bayan la'asar ya shigo ya zauna kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce mani ya yanke shawara. Wani abokinshi da ke Ikko, wato Legas, ya aiko mashi cewa akwai wuri. Da ruwan farko ya sauka zai rufe shago, mu tattara mu tafi Kurmi. Ya ce rani ma ga yadda ake, ina ga damina, lokacin da gari ke yin shiru. Ni kuwa a raina na ce: Ikko? Ni da in na kwana biyu gidan biki sai in fara kewar murhuna? In bar mahaifiyata a Ƙofar Durbi, in bar Kawu da ido ba gani, in je inda ban san bakin kowa ba, inda kunnen nan nawa ba zai amfane ni da komai ba? Ban yi mashi musu ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Na shiga madafa na ce hayaƙi ne ya shigar mani ido.

Kawu ya ji komai, don makaho ba kurma ba ne. Washegari da na kai mashi kunu ya ce in dakata, ya kira maigidan da sunanshi, wanda ni ba na faɗa.

"Wa ke wucewa ta ƙofar shagonka?"

"Ba kowa, Baba. Duk sun koma tsallake."

"Ban ce wa ke saye ba. Na ce wa ke wucewa."

Kawu ya juyo wajena. "Ke ɗiyata, ke ce mai kunnen gidan ga. In an sallame asuba, mi kike ji bayan katanga?"

Na ce ba komai, Kawu, sai 'yan cin rani. Ya ce in faɗa mashi duka, kada in rage. Sai na shiga zuba, don ka san ni da magana. Na ce leburori ne, mutanen ƙauye da suka shigo neman aikin gini, suna taruwa gindin darbejiyar da ke jikin katangarmu suna jiran tifa ta kwashe su. Ina jin ƙarar shebur da diga da kwanon sarki suna karo da juna tun gari bai gama wayewa ba. Kuma kullum faɗansu ɗaya ne. Wannan an ɗauke mashi shebur a zauren da ya kwana. Wancan ya ce shi da igiya yake ɗaure digarshi a ƙafa in zai kwanta. Wani ya ɓoye rigar Juma'arshi a rufin wani kango, ya dawo ya tarar gara ta yi walima. Akwai wani dattijo cikinsu, Malam Mati suke ce mashi, shi ke raba faɗan, kullum yana cewa, "Ku yi haƙuri, baƙo ba ya da bango." Kawu ya ce, suna shiga kantin Alhaji? Na ce ina! Na ji ɗaya na cewa shi da ƙafarshi duk laka ba zai taka daɓen nan mai sheƙi ba, kada a ce ya biya kuɗin wanki.

Kwana uku Kawu yana zaune yana jan carbi, ko rediyon siyasar da yake so bai kunna ba. Na ɗauka ma maganar ta bi iska. Rana ta huɗu ya sa aka kira kafinta.

Abin da ya ce a yi, da wani ne ya faɗa da an ce tsufa ne. Ya ce a kwashe rabin shagon, a fidda katakon jera kaya na bangon gabas gaba ɗaya, a kafa ƙusoshi manya layi-layi tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Kowane lebura a ba shi ƙusa guda, ya rataya ƙunshinshi, ya jingina kayan aikinshi a ƙasa. Kyauta, ko anini ba za a karɓa ba. Gwangwanaye da biskit da lemo kuma a kwashe su a tsallaka da su, a roƙi Alhaji ya saya yadda aka saro.

Maigidan ya miƙe tsaye. "Baba, in ɗauki kaya a ka in kai wa wanda ya kashe mani kasuwa? Sannan in mai da shago ɗakin ajiyar shebur? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce abin da suke cewa yanzu, sai dai su ƙara dariya. Zauna." Ya zauna. Kawu ya ce, "Kai kana kokawa da Alhaji a filin da shi ya share. Yana da firji, kana da randa, wa zai ci? Nemi abin da kake da shi wanda shi ba zai iya yi ba sai ya ɓata nashi. Kana da bango. Alhaji zai jingina diga jikin gilashi? Kuma wanda ya ajiye kayanshi wurinka, ko yana so ko ba ya so sai ya zo maka sau biyu a rana, safe ya ɗauka, yamma ya maido. Wane mai kanti ne a garin ga ke da wannan?"

"To masu sayenmu na unguwa fa? Wa zai kutsa cikin leburori ya sayi sukari?"

"Wasu za su ƙara gudu. Bar su. Taura biyu ba ta taunuwa."

Ranar da maigidan ya tsallaka hanya da kwali a ka, ban leƙa ba, na ji mashi kunya. Alhaji ya saya bai wulaƙanta shi ba, har ya aiko wa Kawu da goro. Da abin da aka samu aka sayo garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da ƙotar shebur da takalman roba. Randata ba ta dawo ba, aka kafa ta bakin shago da moɗa, kowa ya sha. Ni kuma aka ba ni sabon aiki. Da yake mutanen nan ba karatu, mu ma haka, Kawu ya ce in tattaro ƙyallayen atamfa wajen maɗinka, kowane in yaga shi biyu, rabi a ɗaura jikin ƙusa, rabi mai kaya ya riƙe. In ka zo ɗauka ka nuna naka, a haɗa, in zane ya hau zane kayanka ne.

Kana tsammanin sun rugo? Ko ɗaya. Mako guda ƙusoshin nan suna tsirara. Ina jin su bayan katanga suna shawara. Wani ya ce dabarar 'yan siyasa ce, in ka ajiye kayanka sai ranar zaɓe a ce ba ka ɗauka sai ka jefa wa wane. Wani ya ce mutumin birni ba ya kyauta, ƙarshen wata za a kawo maka lissafi. Da na gaya wa Kawu sai ya sa aka cire wata 'yar tutar jam'iyya da samari suka liƙa mana a ƙyaure, ya ce daga yau bangon ga ba ya da jam'iyya. Sannan ya lallaɓa da sandarshi har gindin darbejiya, ya nemi Malam Mati, suka yi gaisuwa mai tsawo kamar sun shekara da sanin juna. Da yamma na ji diga guda ta daki ƙasan shago. Malam Mati ya ce, "To Malam, ga amana. In ta ɓace, ni da kai sai gaban Allah." Kawu ya ce, "Awo, can ma ina da wurin ajiya." Suka yi dariya. Da aka kwana uku digar Malam Mati ba ta yi ƙafa ba, sai ga biyu, sai ga biyar. Kafin wata ya ƙare sai da aka sake kiran kafinta.

Gidanmu ya canza sauti. Asuba ƙarfe na kuka, yamma ƙarfe na kuka, ga tsokana iri-iri. "Kai Ɗan'azumi, ƙyallen naka mai furanni ne, halan na amarya ka sato?" "Bar ni da shi, naka ai kalar zanen kakarka ne." Maƙwabta kuwa suka sa wa maigidan suna Sarkin Shebur. Wata Hajiya da ta shekara tana aiko mana ta ce ita ta daina, wai sukarinmu na warin gumi. Ciniki ya ɗan motsa, ba zan yi ƙarya ba, gari da ƙuli da goro suna tafiya. Amma lebura mutum ne mai damƙe hannu, abin da zai riƙe cikinshi kawai yake saye. Abin bai kai ya riƙe gida ba. Maigidan ya ce wa Kawu, "Ga shi na yi yadda ka ce. Su ma ɗin da ruwa ya sauka za su watse su koma gona, a bar ni da ƙusa. Maganar tafiya tana nan." Har akwatin ƙarfe ya sayo ya ajiye mani a ɗaki. Kullum in na shiga sai in yi tuntuɓe da shi, ko da ba ya kan hanya.

Zafi ya tsananta, irin na gab da damina, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Kawu ya sake kirana ya ce yanzu in bar sauraron faɗansu, in saurari abin da suke cewa game da gida. Na kasa kunne. Wannan matarshi ta ce kada ya dawo ba ɗankwali. Wancan uwarshi kanwa da gishiri take so. Kusan kowa sai ya ambaci kananzir da ashana da sabulu, da alawar yara, da ruwan fartanya sabo, da igiya. Na kawo wa Kawu duka. Ya ce wa ɗanshi a cika duk inda ya rage a shago da waɗannan, har ƙarƙashin gadonmu, kuma a ƙulla su tun yanzu ƙunshi-ƙunshi yadda mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Maigidan ya ce da mi za a saro? Ni ce na buɗe baki. Na ce a ɗauki kwanonin jerena. Ya dube ni ya ce, "Baiwa, kin san abin da kike faɗa?" Na ce, "In mun tafi Ikko ma ai ba za su shiga akwatinka ba." Shi ma ya sayar da kekenshi, ina jin don kada a ce mace ta fi shi. Ya ce wa Kawu, "Wannan shi ne na ƙarshe, Baba." Kawu ya ce, "Na ji. Kai kana ganin ruwan farko ranar mutuwar shago ce. Ni na yi cin rani kafin a haife ka. Lebura ba a gari yake kashe kuɗinshi ba, ranar komawa gida yake kashewa. Kuma ranar ba ya da lokacin zaga kasuwa, don ƙasa ba ta jiran kowa."

Muka shiga jira. Na ƙulla kaya har yatsuna suka yi kanta. Ɗakina ya koma fayau, bangon da jere yake sai tabon kwanoni. Hadari ya taso sau biyu ya watse, sai iska da ƙura. Kowace yamma ina duban gabas, ni kaina ban san mi nake roƙo ba, ruwan ya zo ko kada ya zo, tunda shi ne zai tsayar da ni kuma shi ne zai kore ni.

Ran wata Talata bayan la'asar ya sauko. Ruwa na gaske, mai ƙamshin ƙasa, indararo na zuba kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya miƙa hannu waje ya ce a tono mashi ƙasa a gani. Aka tona, laima ta wuce tsawon hannu. Ya ce, "Na shuka ne. Ku buɗe ƙyaure duka biyu gobe."

Ban taɓa jin safiya irin wannan ba. Tun ana sallame salla suka cika ƙofar gida, kowa da ƙyallenshi a hannu, kowa na sauri, ana ta "Malam, ni fara ba ni, garinmu da nisa!" Mutum ya karɓi ƙunshinshi, ya juyo, sai ga tsarabar da aka yi mashi saƙo a ƙulle gaban idonshi. Su kwance lalitar da suka yi rani suna ɗaurewa. Maigidan na miƙawa, ni ina turowa ta ƙarƙashin asabari, Kawu na zaune yana kiran sunan kowa daga muryarshi yana yi mashi addu'ar damina mai albarka. Direban motar ƙauye da ya saba lodi a tasha ya ji labarin inda fasinja suke, sai ga shi ya kawo motar har gindin darbejiya. Waɗanda ba su taɓa ajiya wurinmu ba ma suka biyo mota, suka ga 'yan'uwansu da ƙunshi, suka ce su ma a ba su irin shi. Kafin azahar ta kwana na biyu na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, ba komai sai takalmina.

Amma abin da ya tsayar da maigidan ba cinikin ba ne kaɗai. Da gari ya yi shiru ya shiga shago zai share, sai ya tarar bangon gabas cike. Ƙunshin tufafi sun tafi, amma shebur da diga da kwanon sarki suna nan jingine, kowane da ƙyallenshi. Mi za su yi da su a gona? Malam Mati da zai hau mota ya ce mashi, "Sarkin Shebur, a kula mana da su, sai kaka in Allah ya kai mu. Zan zo maka da ƙannena biyu, a tanadar masu ƙusa." Maigidan ya jingine tsintsiya. Sannan ya ɗaga asabari ya leƙo tsakar gida, ina tsugune ina wanke tukunya.

"Baiwa."

"Na'am, bawan gidanmu."

"Mutum ya tafi Ikko da amanar mutane a bangonshi?"

Na ce, "Ni ina na sani, ban san harkar birni ba." Na ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta fita, don kada ya ga fuskata.

Da kaka suka dawo, da 'yan'uwansu, da buhunan gero da wake da gyaɗa da suka bar mana mu sayar masu. Wannan ya dawo da matan unguwa, har Hajiyar nan mai jin warin gumi, don wake mai kyau ba ya da wari. Alhaji ya ci gaba da kantinshi lafiya, muka zauna shekara da shekaru ba wanda ya ci abincin wani. A shagon nan aka ciyar da mu, aka yi wa 'ya'yana karatun da ni ban samu ba, aka kai Kawu makwancinshi cikin sutura, Allah ya jiƙanshi, ya jiƙan maigidan, ya jiƙan Malam Mati. Na riƙe hannun mahaifiyata ranar da ta cika, abin da da ina Kurmi sai dai a aiko mani. In na tuna wannan kaɗai sai in rasa bakin godiya.

Yanzu ina jin yaran unguwa, wannan ya buɗe shagon sayar da katin waya ya samu, kafin wata guda, mutum biyar sun buɗe a jere da shi, iri ɗaya, fenti ɗaya, duk su zauna suna kallon juna suna cewa kasuwa ta mutu. Ba ƙwazo suka rasa ba, sun fi mu zafin nema. Zaman kwana ukun nan na Kawu ne ba su da shi, da haƙurin ganin ƙusa tsirara mako guda ana yi maka dariya. To kai da ka zauna ka saurare ni har nan, gaya mani tsakaninka da Allah: da shagonka ne ke mutuwa, iyalinka na kallonka, za ka iya kwashe rabin kayanka ka ba baƙo bango kyauta, sannan ka zauna ka jira ruwa?